Rumbun Bayanai da Jita-Jitar Kasuwa: Darasi Daga Faɗuwar Hannun Jarin Emulex

Gabatarwa

A safiyar Juma'a, 25 ga watan Agusta na shekarar 2000, hannun jarin wani kamfanin Amurka mai suna Emulex ya yi asarar fiye da rabin darajarsa a cikin minti 16 kacal. Hannun jarin da aka tashi kasuwa ran Alhamis yana kan dala 113 ya gangaro har zuwa dala 43. Babu gobarar da ta tashi a masana'antar kamfanin, babu abokin cinikin da ya janye, kuma kayan da yake ƙerawa suna nan suna aiki kamar yadda suka saba. Abin da ya faru shi ne, wata takardar ƙarya ta shiga hannun 'yan jarida, su kuma suka watsa ta ba tare da sun bincika ba.

Kamfanin Emulex yana daga cikin masu ƙera kayayyakin da ke haɗa manyan kwamfutoci da na'urorin ajiye bayanai, sana'ar da a wancan lokaci masu zuba jari suka ƙwallafa rai a kanta ƙwarai. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan fasaha da dalilin da ya sa aka buƙace ta, sa'an nan ta duba yadda buƙata ta gaskiya ta haifar da tsammanin da ya wuce kima, har kasuwa ta kai matsayin da ƙaramar jita-jita ke iya girgiza ta.

Inda Bayanai Ke Kwana

Kowace kwamfuta tana da sashen da ke yin lissafi da kuma sashen da ke adana abin da aka lissafa. A wancan zamani, shi wannan sashe na biyu yawancinsa faifai ne na ƙarfe ko gilashi da aka shafe da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, yana juyawa da gudu, wani ɗan ƙaramin kai yana rubutu a kansa yana kuma karantawa. Kamfanin IBM ne ya fara fito da irin wannan faifai a shekarar 1956 a cikin na'urarsa mai suna RAMAC. Na'urar tana da faya-fayai 50, faɗin kowanne inci 24, amma duk abin da suke iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba.

Daga nan masana suka duƙufa wajen cusa ƙarin bayanai a cikin ƙaramin wuri. A shekarar 1988 wasu masana kimiyyar fiziya biyu, Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowanne a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa idan aka jera siraran shimfiɗu na wasu ƙarafa, ɗan ƙaramin canji a maganaɗisu yakan haifar da babban canji a yadda wutar lantarki ke ratsa su. Wannan ya ba da damar ƙera kai mai iya karanta alamomi ƙanana ƙwarai. IBM ya sa wannan fasaha a faya-fayansa a shekarar 1997, su kuwa masanan biyu aka ba su lambar yabo ta Nobel a shekarar 2007. A ƙarshen shekarun 1990 yawan bayanan da ake iya rubutawa a kan kowane inci na faifai yana ninkuwa kusan kowace shekara.

Har ila yau a shekarar 1988, wasu masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa takardar da ta yayata tsarin da aka sani da RAID. Dabarar ita ce a tara ƙananan faya-fayai masu araha a cikin akwati guda, a rarraba bayanai a tsakaninsu tare da wasu ƙarin alamomi na lissafi, ta yadda ko da ɗaya ya lalace za a iya sake gina abin da ke cikinsa daga sauran. Da wannan aka sami manyan akwatunan ajiya waɗanda bankuna da kamfanonin jiragen sama da na tarho za su iya amince musu.

A ɗaya ɓangaren kuma, abin da ake son adanawa sai ƙaruwa yake yi. Wasiƙun lantarki, da bayanan ciniki, da hotunan asibiti, da shafukan intanet, duk suna neman wurin kwana. Wani bincike da Peter Lyman da Hal Varian na wannan jami'a ta Berkeley suka fitar a shekarar 2000 ya ƙiyasta cewa duniya tana samar da sababbin bayanai tsakanin gigabait biliyan 1 zuwa biliyan 2 a kowace shekara, wato kimanin megabait 250 ga kowane mutum da ke doron ƙasa.

Daga Igiya Zuwa Hanyar Sadarwa

Matsalar da manyan ma'aikatu suka fuskanta ita ce yadda ake haɗa faya-fayan da kwamfutocin. A da, kowace babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima, wadda ake kira uwar garke, tana da nata faya-fayai da aka ɗaura mata da igiya mai kauri ta tsarin SCSI. Wannan igiya ba ta wuce tsawon mita 25, kuma na'urorin da za a iya jerawa a kanta ba su wuce 15 ba. Lamarin ya yi kama da garin da kowane gida yake da nasa rumbu, kuma babu damar maƙwabci ya zuba hatsi a rumbun maƙwabcinsa. Rumbun wani ya cika har hatsi na zuba a ƙasa, na wani kuwa ko rabi bai kai ba. Idan kuma mai gida ya kwanta ciwo, babu mai iya buɗe rumbunsa. Haka abin yake ga kwamfuta: idan uwar garke ta tsaya, bayanan da ke ɗaure da ita sun shiga kurkuku ke nan sai an gyara ta.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a raba ajiya da kwamfuta, a tara faya-fayan a wuri guda tamkar babban sito, sa'an nan a shimfiɗa wata hanyar sadarwa ta musamman mai sauri tsakanin siton da dukkan kwamfutocin. Ita ce ake taƙaita sunanta da SAN. Ƙa'idar da aka fi gina ta a kai ita ce wadda aka raɗa wa suna Fibre Channel, wadda aka fara aikin tsara ta a shekarar 1988, hukumar daidaita ma'auni ta Amurka kuma ta amince da ita a shekarar 1994. A ƙarshen shekarun 1990 tana iya ɗaukar kimanin megabait 100 a cikin daƙiƙa guda, kuma idan aka yi amfani da zaren gilashi mai ɗaukar haske, tazarar na iya kai wa kilomita 10. Wannan ya sa ma'aikata za ta iya ajiye kwafin bayananta a wani gini dabam, domin ko da gobara ko ambaliya ta auka wa gini ɗaya, ɗayan ya tsira.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba da wannan hanya. Na farko shi ne akwatin faya-fayan kansa. Na biyu shi ne mahaɗa, wato na'urar da igiyoyi ke taruwa a cikinta, tana duba adireshin kowane ƙunshin bayanai tana tura shi inda ya dace. Na uku kuwa wani kati ne da ake sokawa a cikin kowace uwar garke, wanda ke fassara umarnin kwamfuta zuwa harshen hanyar. Ban da wannan tsari, akwai wani da ake kira NAS, inda akwatin ajiya ke hawa kan hanyar sadarwar ofis ta yau da kullum, wato Ethernet, yana raba fayiloli ga duk wanda ya nema. Ya fi araha da sauƙin kafawa, amma a wancan zamani bai kai SAN sauri ba wajen manyan ayyuka irin na bankuna.

Kamfanonin da Aka Sa wa Ido

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa yana da kamfanin da ya yi fice a kansa. A wajen akwatuna, kamfanin EMC ne ke kan gaba. Richard Egan da Roger Marino ne suka kafa shi a shekarar 1979 a jihar Massachusetts, kuma akwatinsa mai suna Symmetrix da ya fito a shekarar 1990 ya ƙwace kasuwa daga hannun IBM. A tsawon shekarun 1990 babu hannun jarin da ya kai na EMC hauhawa a babbar kasuwar hannun jari ta birnin Niyok. A wajen mahaɗa kuwa, kamfanin Brocade na birnin San Jose, wanda aka kafa a shekarar 1995, shi ne ya mamaye fage. Ya fara sayar wa jama'a hannun jarinsa a watan Mayu na shekarar 1999, cinikinsa kuma ya tashi daga kimanin dala miliyan 69 a shekarar kuɗi ta 1999 zuwa dala miliyan 329 a ta 2000. Kamfanin Network Appliance, wanda aka kafa a shekarar 1992, shi ne jagoran tsarin NAS. Kati kuwa, kamfanoni biyu ne na kudancin Kalifoniya suka fi ƙera shi: Emulex na garin Costa Mesa, da QLogic wanda ya ɓalle daga jikin Emulex a shekarar 1994.

Hujjar da masu zuba jari suka riƙe tana da ƙarfi a zahiri. Sun ce ba wanda ya san kamfanin intanet ɗin da zai yi nasara da wanda zai durƙushe, amma dukkansu dole su adana bayanai, saboda haka mai sayar da kayan ajiya zai ci riba ko wane ne ya yi galaba. Daɗin daɗawa, bayanai ba sa raguwa: abin da aka ajiye bara yana nan, na bana kuma ya hau kansa.

Sai dai a ƙarƙashin wannan hujja akwai tambayoyin da ba wanda ke da amsarsu a lokacin, kuma a kansu aka yi ta muhawara. Shin Fibre Channel zai ɗore, ko kuwa Ethernet mai araha zai yi saurin da zai kore shi? Shin katafaren kamfanin Cisco, sarkin kayan sadarwa, zai shigo wannan kasuwa ya danne ƙanana? Bugu da ƙari, kamfanoni irin su Emulex da Brocade ba su cika sayar wa mai amfani kai tsaye ba. Yawancin kayansu suna bi ta hannun wasu 'yan manyan kamfanoni kamar IBM da EMC da Compaq, waɗanda ke haɗa su da nasu kayan su sayar. Don haka ko raɗe-raɗin cewa ɗaya daga cikin waɗannan manya zai canza mai kawo masa kati ya isa ya motsa farashi. Galibin masu sayen hannun jarin ba su taɓa ganin mahaɗa ko kati da idonsu ba, ballantana su iya auna ingancinsa. Abin da ya kai kunnensu shi ne jarinsu.

Lissafin da Ba a Bincika Ba

Kafin a zo ga ƙaryar da mutum ɗaya ya ƙaga, ya kamata a dubi wata magana da dubban mutane suka yi ta maimaitawa da zuciya ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta cewa zirga-zirgar bayanai a intanet tana ninkuwa a kowane kwana 100. Maganar ta samo asali ne daga jami'an kamfanin UUNET, wani reshe na WorldCom, har ta shiga cikin wani rahoto na Ma'aikatar Ciniki ta Amurka a shekarar 1998. Daga nan sai ta zama kamar karatun allo, kowa yana biyawa.

Wani masanin lissafi na ɗakin binciken kamfanin AT&T, Andrew Odlyzko, tare da abokin aikinsa Kerry Coffman, sun tattara alƙaluman da ake da su suka nuna cewa, ban da wani ɗan gajeren lokaci a shekarun 1995 da 1996, zirga-zirgar tana ninkuwa ne kimanin sau ɗaya a shekara. Bambancin da ke tsakanin maganganun biyu ba ƙarami ba ne. Abin da ke ninkuwa a kowane kwana 100 zai ƙaru fiye da sau 12 a shekara guda, a shekara uku kuwa kusan sau 2,000. Abin da ke ninkuwa sau ɗaya a shekara zai ƙaru sau 8 ne kawai a shekara uku. Ninkuwa a kowace shekara babban ci gaba ne a kowace irin sana'a, amma wanda ya zuba kuɗinsa yana tsammanin 2,000 ya tarar da 8, to, ya yi asara.

A nan ne fahimtar farashin hannun jari ke da muhimmanci. Mai sayen hannun jari yana sayen wani kaso ne na ribar da kamfani zai samu nan gaba. Alal misali, idan kowane hannun jari yana kawo ribar dala 1 a shekara, aka kuma sayar da shi dala 100, to, mai saye zai jira shekara 100 kafin kuɗinsa su dawo, sai fa idan ribar za ta riƙa haɓaka da sauri. Ke nan mafi yawan farashin yana rataye ne a kan abin da bai auku ba tukuna. A shekarar 2000 hannayen jarin kamfanonin ajiya da dama sun kai ko sun zarce irin wannan matsayi. Duk lokacin da farashi ya dogara kacokan a kan tsammani, labarin da ya taɓa tsammanin zai taɓa farashin gaba ɗaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Minti Goma Sha Shida

Wanda ya shiga ta wannan tsaga wani matashi ne ɗan shekara 23, ɗalibi a wata kwaleji a Kalifoniya, wanda bai daɗe da barin aiki a kamfanin Internet Wire ba. Aikin wannan kamfani shi ne karɓar sanarwar manema labarai daga kamfanoni ya rarraba ta ga kafofin watsa labarai, saboda haka matashin ya san yadda ake shigar da sanarwa da irin kalmomin da ma'aikatan wurin suka saba ji.

A tsakiyar watan Agusta ya yi irin cinikin da ake kira sayar da hannun jari na aro. Yadda ake yinsa shi ne, mutum ya ari hannun jari daga dillali ya sayar a farashin yau, da fatan farashin zai faɗi, sa'an nan ya saya da araha ya mayar wa mai shi, bambancin ya zama ribarsa. Idan kuwa farashin ya tashi, asara ce, kuma ba ta da iyaka. Matashin ya sayar da hannayen jarin Emulex 3,000 ta wannan hanya a kan kimanin dala 80 kowanne. Maimakon farashin ya sauka, sai ya haura dala 113, ya zamana yana fuskantar asarar da ta kusa dala 100,000.

A daren 24 ga watan Agusta, ya yi amfani da kwamfutar ɗakin karatu na kwalejinsu ya aika wa tsohon wurin aikinsa wasiƙa da sunan wani kamfanin hulɗa da jama'a. Sanarwar da ke ciki ta ƙunshi ƙarya uku: cewa hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka, wato SEC, tana binciken littattafan kuɗin Emulex, cewa shugaban kamfanin, Paul Folino, ya yi murabus, da kuma cewa ribar da kamfanin ya sanar ta wata ukun ƙarshe za a gyara ta ta koma asara. Ma'aikatan dare suka karɓa ba tare da sun tuntuɓi Emulex ba.

An saki sanarwar da ƙarfe 9:30 na safe agogon Niyok, daidai lokacin buɗe kasuwa. A Kalifoniya ƙarfe 6:30 ne na asuba, lokacin da yawancin ma'aikatan kamfanin ba su iso ofis ba. Da ƙarfe 10:13 kamfanin dillancin labarai na Bloomberg ya ɗauki labarin, wasu kafofin suka bi sahu, sai kasuwa ta ruɗe. Kafin kasuwar Nasdaq ta dakatar da cinikin hannun jarin da ƙarfe 10:29, darajar kamfanin ta ragu da fiye da dala biliyan 2. Hannun jarin QLogic, wanda ko sunansa ba a ambata a takardar ba, shi ma ya faɗi, domin masu zuba jari sun ɗauka abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Emulex ya ƙaryata labarin, aka sake buɗe ciniki da rana, farashin ya koma kusan dala 106 kafin a tashi. Amma waɗanda suka sayar a cikin firgici ba a mayar musu da komai a ranar ba, kuma an ƙiyasta asararsu da kimanin dala miliyan 110. Wasunsu ma ba su san abin da ake ciki ba, domin sun bar wa dillalansu umarnin cewa a sayar da zarar farashi ya sauka zuwa wani mataki, umarnin kuma ya zartu da kansa. Shi kuwa matashin ya rufe bashinsa na aro da riba, ya kuma sayi wasu hannayen jarin a lokacin da suke ƙasa ya sayar bayan sun farfaɗo, jimillar abin da ya samu ta haura dala 240,000. Ramin ƙarya ƙurarre ne: jami'an FBI sun bi sawun wasiƙar har zuwa ɗakin karatun, suka kama shi ran 31 ga watan Agusta. Ya amsa laifinsa, aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 44 a shekarar 2001.

Abin da Ya Ba Ƙarya Ƙafa

Yaudarar kasuwa da labarin ƙarya tsohuwar sana'a ce. A watan Fabrairu na shekarar 1814 wani mutum sanye da kayan soja ya iso Ingila da labarin cewa an kashe Napoleon, farashin takardun lamunin gwamnati ya tashi a Landan, waɗanda suka shirya abin suka sayar da nasu. A watan Afrilu na shekarar 1999 wani ma'aikacin kamfanin PairGain ya ƙirƙiro labarin bogi mai kama da na Bloomberg cewa wani kamfanin Isra'ila zai saye kamfaninsu, farashin ya tashi da kusan kashi 30 cikin ɗari kafin asiri ya tonu. Abin da ya bambanta lamarin Emulex shi ne girman asarar da kuma saurinta.

Dalilai uku ne suka taru. Na farko, gasar da ke tsakanin kafofin labarai ta sa kowa yana son ya riga ɗan'uwansa ko da da daƙiƙa ɗaya ce, kuma kowanne ya ɗauka wanda ya miƙo masa labarin ya riga ya tantance shi. Na biyu, mai hannun jari da ya ga farashi yana rugujewa ba ya da lokacin tambayar ko labarin gaskiya ne. Tambayar da ke gabansa ita ce ko sauran jama'a za su yarda da shi, domin idan sun yarda farashin zai ci gaba da faɗuwa. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi bayanin wannan hali tun a shekarar 1936, inda ya nuna cewa ɗan kasuwar hannun jari yakan duƙufa ne wajen hasashen ra'ayin jama'a fiye da auna darajar kaya. Na uku, ƙaryar ta dace da fargabar da ke zukata. Ma'aunin kasuwar Nasdaq ya kai ƙololuwarsa ta maki 5,048 ran 10 ga watan Maris na wannan shekara, sa'an nan ya fara gangarowa, kuma a cikin watan ne kamfanin MicroStrategy ya sanar da gyara alƙaluman cinikinsa, hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 60 cikin ɗari a rana ɗaya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Bayan Guguwa Ta Lafa

Abin mamaki shi ne, farashin dala 43 da ƙarya ta jawo na ɗan lokaci, kasuwa da kanta ta gangara ƙasa da shi a shekarar 2001 ba tare da wata takardar bogi ba. Kamfanonin intanet da yawa sun durƙushe, aka yi gwanjon kayansu da araha. Manyan ma'aikatu da suka sayi kaya fiye da buƙata a shekarun 1999 da 2000 suka tsuke bakin aljihu. Cinikin EMC ya sauka daga kusan dala biliyan 8.9 a shekarar 2000 zuwa kimanin biliyan 5.4 a shekarar 2002, hannun jarinsa kuma da ya haura dala 100 ya dawo ƙasa da dala 4. WorldCom ya karye a watan Yuli na shekarar 2002 bayan an gano maguɗi a littattafansa. Ma'aunin Nasdaq ya sauka har maki 1,114 a watan Oktoba na shekarar 2002, bai kuma sake kai matsayinsa na shekarar 2000 ba sai a shekarar 2015.

Duk da haka yawan bayanan da ake adanawa bai daina ƙaruwa ba ko a waɗannan shekaru na ƙunci. Abin da masu zuba jari ba su lissafa da kyau ba shi ne, fasahar da ta sa faifai ke ɗaukar ninki biyu a kowace shekara ita ce ke karya farashin kowane gigabait. Kamfani na iya sayar da wurin ajiya fiye da na bara, kuɗin da ya shiga aljihunsa kuma su kasa na bara. Ita kanta hanyar SAN, da yake tana ba da damar cika kowane rumbu kafin a gina sabo, tana rage yawan faya-fayan da ma'aikata za ta saya.

Tambayoyin da aka yi ta muhawara a kansu kuwa, lokaci ya amsa su. Cisco ya shigo kasuwar mahaɗa a shekarar 2002, amma bai kori Brocade ba. An tsara ƙa'idar iSCSI mai ɗora umarnin ajiya a kan Ethernet, aka wallafa ta a shekarar 2004, ta sami nata rabo, amma Fibre Channel bai mutu ba. Babban sauyin ya zo ne ta inda kaɗan suka zata: a shekarar 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya ta intanet, kuma manyan kamfanoni irinsa sukan gina rumbunansu da kaya masu araha da manhajar da suka rubuta da kansu. Kamfanonin da aka yi ta rububinsu kuwa, Avago ya saye Emulex a shekarar 2015 a kan kimanin dala miliyan 600, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya zube a waɗancan mintuna 16. Dell ya saye EMC a shekarar 2016 a kan dala biliyan 67, Broadcom kuma ya saye Brocade a shekarar 2017.

Kammalawa

Masu zuba jari na shekarar 2000 sun yi daidai da suka ce duniya za ta buƙaci wurin ajiye bayanai fiye da yadda aka taɓa gani. Kuskurensu shi ne haɗa abubuwa uku da ya kamata a auna kowanne dabam: buƙatar da ake yi wa fasaha, da ribar da wani kamfani zai iya ci daga gare ta bayan gasa da faɗuwar farashi, da kuma kuɗin da ya dace a biya domin mallakar wani kaso na wannan riba. Na farko yana iya tabbata alhali na biyu da na uku sun ci tura.

Hanyoyin yaɗa labari kuwa sun ƙara sauri tun daga wancan lokaci. Ran 23 ga watan Afrilu na shekarar 2013 wasu suka kutsa cikin shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP suka sanar da ƙaryar cewa bama-bamai sun tashi a fadar shugaban Amurka, kuma a cikin 'yan mintoci darajar manyan kamfanonin ƙasar ta ragu da fiye da dala biliyan 130 kafin ta farfaɗo. Ga ɗalibin kimiyya, tambayoyin da Odlyzko ya yi wa maganar kwana 100 su ne waɗanda ya dace a yi wa kowace sanarwa da kowane ƙiyasi: wane ne ya faɗa, me ya auna, yaushe ya auna, kuma mene ne ribarsa idan aka yarda da shi.